Admin a sakaya sunana: kunnena ya tafi, yanzu zuciyata ke neman bin sa

Admin: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani bawan Allah ne ya turo mini wannan ta bayan fage, ya roƙi a ɓoye sunansa. Na ɗora yadda ya rubuto, ban taɓa ko harafi ba. Duk amsar da zai bayar ta hannuna za ta biyo. Don Allah a yi magana da ladabi.

"Admin barka da dare. Ni mutumin cikin garin Katsina ne, wajen Ƙofar Marusa. Shekarata 44, mata ɗaya, 'ya'ya shida. Shekara 19 ke nan ina kan injin niƙa, tun ina yaron shago har Allah ya ba ni nawa. Wanda ya taɓa shiga ɗakin inji ya san yadda muke magana a ciki, ihu ne da nuni da hannu. Da can in na tashi aiki da magariba kunnena kan yi shuuu kamar rediyon da ba a kama tasha ba, in na kwana ya washe. Yau shekara uku bai sake washewa ba.

Ba wai ba na jin komai ba ne. Ina jin ana magana, amma kalmomin a cakuɗe suke zuwa mini, musamman muryar mata da yara, ko in mutane sun yi yawa. Sai na koyi dabara: in na ga an yi dariya in yi, in na ga an gyaɗa kai in gyaɗa. Haka na yi ta lallaɓawa a majalisarmu ta bayan isha'i, har ranar da wani amini na ya zauna kusa da ni ya faɗa mini magana a hankali. Na yi murmushi na ce masa madalla. Sai na ga kowa ya juyo yana kallona. Ashe cewa ya yi ƙanwarsa ta rasu wajen haihuwa. Tun daga daren nan ban sake zama a kan dakalin ba, wata bakwai ke nan.

A gida ma haka. 'Yar autata takan zo da gudu ta ce Baba kaza kaza. In ce me kika ce? Ta maimaita. In sake cewa me? Sai ta ce ba komai Baba, bar shi kawai, ta juya. Wallahi wannan bar shi kawai ɗin ya fi ƙarar da ke cikin kunnena ciwo.

Yanzu barci ya ƙaurace mini, ƙarfe uku na dare idona biyu. Tuwo loma biyu nake yi in ture. Faɗa nake yi wa uwargida ba gaira ba dalili, ga ta baiwar Allah. A sallah ba na jin kabbarar liman sai dai in saci kallon na kusa da ni, huɗuba kuwa sai dai in zauna a tashi tare da ni. Inji ma na bar wa yara, in leƙa in dawo in kwanta. Wani lokaci in ce da ma in kwanta kar in tashi, kowa ya huta da maimaita mini magana.

Tambayata, wannan ciwo ne ko rashin tawakkali ne? Kunyar tambayar wanda ya san ni nake ji."

Maman Khairat: Innalillahi. Allah ya yaye maka ɗan uwa, wallahi har na yi hawaye a wurin 'yar autar nan.

Ɗan Jibiya: Allah ya kawo sauƙi, ya sa kaffara ne.

Sista Daura: Ɗan uwa, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma kafin a shiga dogon zance layi ɗaya na riƙe a saƙonka, inda ka ce da ma ka kwanta kar ka tashi. Kada ka sake kwana da wannan maganar kai kaɗai. Yau ɗin nan ka faɗa wa mutum ɗaya da ka yarda da shi, uwargida ko wa ko ƙane. In kuma tunanin ya wuce fata ya fara zama shirin yi wa kanka lahani, ba a jiran gari ya waye, asibiti za a kai ka a daren. Admin don Allah ka tabbatar ya ga wannan.

Amsar tambayarka kuwa, ciwo ne, kuma biyu ne ba ɗaya ba. Na kunne daban, na zuciya daban, sai dai ɗaya ne ya jawo ɗaya. Rashin barci, rashin cin abinci, janyewa daga mutane, abin da kake so da ya daina yi maka daɗi, ganin kanka a matsayin kaya a wuyan iyali, in waɗannan suka wuce mako biyu suna tare da mutum kusan kullum, mu a asibiti ciwon damuwa muke zargi. Kai kana maganar wata bakwai.

Abu Sumayya: Da izinin Sista. Ni ina ganin muna saurin ba kowane abu sunan Turawa. Iyayenmu sun kurumce, sun makance, ba mu ji sun ce suna da wani difireshan ba. Ɗan uwa ka riƙe azkar na safe da yamma, ka yawaita istigfari da karatun Alƙur'ani. Zuciyar da ke cike da ambaton Allah ba ta da wurin ajiye damuwa. Jarrabawa ce, haƙuri ne maganinta.

Gwaggon Yara: Allah ya gafarta Malam, azkar kam ba mai jayayya da kai. Amma cewa mai imani ba ya shiga ƙunci, a nan na tsaya. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Annabi Yusuf har idanunsa suka yi fari, yana cikin suratu Yusuf, wa zai ce masa mai raunin imani? Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu malamai shekarar baƙin ciki suke kiranta. Kuma iyayen namu da ka ce ba su yi ba, ni na ga kakata. Da kunnenta ya tafi sai ta koma ƙuryar ɗaki, ta daina zuwa biki da suna, aka ce tsufa ne, aka ce rikicin tsufa ne. Shekara huɗu tana kallon bango har ta rasu. Sunan ne ba mu sani ba, ciwon kam mun gan shi.

Abu Sumayya: Gwaggo na karɓi gyara a kan Annabi Yaƙub. Abin da nake tsoro shi ne a ɗora bawan Allah a kan ƙwayoyin asibitin ƙwaƙwalwa, ya zo ya kasa rabuwa da su. Mun ga matasan da ƙwaya ta lalata a garin nan.

Sista Daura: Malam tsoronka yana da tushe, amma an haɗa abu biyu. Ƙwayoyin da matasa ke bugewa da su daban, maganin ciwon damuwa daban. Irin su amitriptyline da fluoxetine ba sa sa maye, ba su ma fara aiki sai an yi mako biyu zuwa huɗu ana sha, wani lokaci fiye. Likita ne ke rubutawa, shi ne kuma ke janye shi a hankali in lokaci ya yi, ba a yankewa rana ɗaya. Kuma ba kowa ake ba magani ba, wani zama da mai ba da shawara ya ishe shi. Kai ka fi ni sanin hadisin da ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Ya yi azkar ɗinsa, ya kuma je asibiti, ba kishiyoyi ba ne.

Ɗan Jibiya: (saƙon murya, minti 4 da daƙiƙa 12)

'Yar Malumfashi: Malam Ɗan Jibiya, mutum ya ce ba ya ji, ka aiko masa da murya ta minti huɗu.

Ɗan Jibiya: Subhanallah. Wallahi ban yi tunani ba. A gafarce ni. Cewa na yi akwai wani mai magani a kasuwarmu da ke haɗa man zaitun da habbatus sauda da tafarnuwa ana ɗigawa, wani maƙwabcina ya yi kunnensa ya buɗe.

Sista Daura: Maƙwabcin naka mai yiwuwa dattin kunne ne ya toshe shi, mai ya tausasa shi ya fito. Wannan yana faruwa. Amma na mai saƙo ba a nan yake ba. Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan abu mai siffar katantanwa, cikinsa da wasu ƙananan gashi masu laushi, su ke karɓar sauti su miƙa wa jijiya. Ƙara mai ƙarfi ta yau da gobe tana kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Waɗanda ke kama siririn sauti su ke fara tafiya, shi ya sa muryar 'yarsa ta fi ɓace masa a kan ta abokansa maza. Man da aka ɗiga ba ya ma isa wurin. In kuwa dodon kunne ya huje, ɗiga abin da ba a sani ba ƙara ɓarna ne. Ma'aunin da ake bi a wuraren aiki shi ne kada ƙara ta wuce desibel 85 na awa takwas, desibel kuwa shi ne awon ƙarfin sauti. Ba sai kana da na'urar awo ba: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kamu ɗaya daga gare ka ya ji, wurin yana cin kunnenka. Injin niƙa, janareta, walda, lasifikar biki, duk sahu ɗaya.

'Yar Malumfashi: Yaya mai saƙo, bari in ba ka nawa labarin, ni kurma ce gaba ɗaya, ba rabi ba. Sanƙarau na 1996 ne ya tafi da kunnena, ina shekara bakwai. Wanda ya yi wayo lokacin ya san shekarar, yara dubbai suka mutu a Arewa, mu da muka tashi da yawa mun tashi ba ji. Abin da nake tunawa, na farka a gadon asibiti na ga bakin Innata yana motsi, na ce mata Inna ki yi magana mana, me ya sa kike wasa da baki. Sai ta fashe da kuka, shi ma kukan ban ji ba.

Shekara biyu ina gida. Yara su biyo ni suna kurma kurma, in an aike ni kanti a yi ta dariya. Na daina fita. Da aka kai ni makarantar kurame ta Malumfashi, ranar farko na ga yara cike da fili suna ta hira da hannu, suna faɗa, suna tsegumi, suna ƙyalƙyala dariya. A ranar na gane ashe ba ji na rasa ba, abokan hira na rasa. Yanzu ina ɗinki, ina da miji da 'ya'ya uku, duk suna ji, duk sun iya maganar hannu, ƙaramin ma da ita yake yi mini rashin kunya.

Shawarata ka nemi kurame na garin. Muna nan da yawa, muna da wuraren zamanmu, muna da ƙungiya. Maganar hannu ta Hausa ba ta makaranta kaɗai ba ce, tun kaka da kakanni kurame ke yin ta a kasuwannin ƙasar Hausa, mahauta da masu shayi da yawa sun iya.

Admin (daga mai saƙo): "Na gode ƙanwata, Allah ya raya zuri'a. Amma ki yi haƙuri in faɗi gaskiya, da na karanta kin ce in nemi kurame sai da gabana ya faɗi. Ni ban ɗauki kaina kurma ba. Shekara 40 ina ji. Na san muryar mahaifiyata, na san kiran sallar masallacin unguwarmu. Ke kin girma a ciki, ni kuwa tsakiya nake, masu ji sun gaji da ni, kurame kuma ban iya yarensu ba. Sista na gode, na faɗa wa uwargida bayan asuba. Kuka ta yi ta yi, ta ce ita duk zatonta aure nake nema shi ya sa na canza mata."

'Yar Malumfashi: Ban ji haushi ba Yaya. Gaskiya ka faɗa, wanda ya rasa abu da girmansa makokinsa daban. Amma ka lura da yadda kalmar kurma ta faɗar maka da gaba. Haka take a bakin mutanenmu, kamar zagi. Ban ce ka zama mu ba. Ka koyi alama goma kawai kai da 'yar autarka, abinci, ruwa, makaranta, zo, na gode. Yara suna son abin kamar wasa. Ka ga ko za ta sake cewa bar shi.

Uwargidan Rafin Daɗi: Ni ta ɓangaren matan zan yi magana, don an fi tausayin mai ciwo a manta da mai jinya. Maigidana shekara shida ke nan da jinsa ya ragu, bayan wata doguwar jinya da aka yi masa allurai masu yawa. Wallahi akwai gajiya. Ka faɗi magana sau uku, ta huɗu ka ɗaga murya, sai ya ce kina yi mini tsawa. Maganar sirri ta mata da miji ta gagara, don duk abin da na faɗa sai maƙwabta sun ji. Ni ma na sha cewa bar shi kawai, sai yau da na karanta saƙon nan na san abin da nake yi masa. Allah ya yafe mini.

Abin da zama ya koya mini: kar in yi masa magana daga madafa ko ta bayansa. Sai na zo gabansa, na taɓa kafaɗarsa, ya ga fuskata. Ihu ba ya taimako, yana ma ƙara cakuɗa maganar, a hankali dalla-dalla ya fi. In bai gane kalma ba, ba na maimaita ta sau biyar, sai in canza wata. Da dare in an ɗauke wuta ba a hira sai na kunna fitila na ajiye ta inda za ta haska bakina, da can ban san yana karanta leɓe ba sai da na ga a duhu ba ya gane komai. In za mu yi magana mai muhimmanci a kashe talabijin, a kori yara waje. Maganar sirrin kuma yanzu ta waya muke yi, muna kwance gado ɗaya muna tura wa juna saƙo kamar saurayi da budurwa.

Maman Khairat: Anti wannan na ƙarshen ya ba ni dariya cikin kuka.

Sista Daura: Anti kin taɓo wani abu. Akwai allurai da ke iya taɓa ji, irin su gentamicin da streptomycin, har da kwinin in ya yi yawa. Suna ceton rai in likita ya auna ya bayar, matsalar ita ce yadda ake dirka wa yara gentamicin a kemis don zazzaɓi ko gudawa ba awo ba lissafi. Sauran masu kawo mana kurumta a nan sanannu ne: sanƙarau, ƙyanda, hangum, kunnen yaro da ke zubar da ruwa a bar shi shekara da shekaru, da zazzaɓin Lassa wanda kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka kamu ke samun matsalar ji. Kuma don Allah kowa ya riƙe wannan: wanda ya wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke ɗif, ya je asibiti a ranar, don maganinsa a kwanakin farko yake aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 430 ne ke da rashin jin da ke buƙatar taimako, fiye da kashi 5 cikin 100 na mutanen duniya. Mai saƙo ba kai kaɗai ba ne, ɓoyewa ce ta yi yawa.

Baba Ɗan Fansho: Yaro, ni na girme ka da shekara ashirin da wani abu, kuma abin ji gare ni a kunne biyu yau shekara biyar. Bari in gaya maka abin da ba a gaya mini ba.

Na farko, kar ka sayi na kasuwa. Na saya, ɗana ya aiko mini da wani daga intanet. Lasifika ce kawai ƙarama, tana ƙara komai gaba ɗaya, kukan akuya da maganar mutum duk ɗaya, kwana uku na jefa shi cikin durowa. Na gaskiya sai an yi maka awon ji tukuna. Za a sa ka a ɗan ɗaki shiru, a ɗora maka abin sauraro, duk sanda ka ji ɗan ƙara ka danna ko ka ɗaga hannu. Takardar da ta fito ita ke nuna wane sauti ka rasa, a kanta ake saita na'urar. Ka fara da sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Katsina, wanda har yanzu muke ce wa Medical Centre. Akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, aikinta ke nan tun 1999.

Na biyu, makon farko za ka tsane shi. Ni ranar da aka sa mini, Hajiya ta ajiye cokali a faranti na zabura kamar an harba bindiga. Takun takalmina ya dame ni, muryata ta zama kamar daga cikin rijiya. Ƙwaƙwalwa ce ta manta da waɗannan ƙararrakin, sai ta sake sabawa. Awa biyu a rana na fara, cikin gida, sannan na riƙa ƙarawa. Sai da na yi wajen wata biyu kafin na shiga kasuwa da shi. Da yawa a nan suke yar da shi su ce bai yi ba.

Na uku, yana da hidima. Batirin ɗan mitsitsi ne, nawa mai lamba 13, akwai 'yar takarda a bayansa, in ka ɓare ka jira kamar minti ɗaya kafin ka sa. Zufa da ƙurar hunturu abokan gabansa ne, da dare in goge shi in buɗe murfin batirin in sa a gwangwani busasshe. In zan yi alwala in cire, sau biyu ina mantawa.

Kuma kar in yi maka ƙarya, bai mayar mini da kunnen samartaka ba. A ɗaurin aure har gobe rabi nake kamawa. Amma ina jin jikokina, kuma ƙarar nan ta shuuu ta ragu in yana kunne. Kunya kuwa, mi ne abin kunya? Mai tabarau ba ya ɓoye tabarau. Ni yanzu in na zauna da baƙo nakan ce masa tun farko, kunnena ba shi da ƙarfi, ka dube ni in za ka yi magana. Shi ke nan, nauyin ya koma kansa.

Ɗalibin Lauya: Ƙarin bayani, akwai dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, kuma a dalilinta aka kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ma an sa mata hannu a farkon 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958.

'Yar Malumfashi: Ƙanena doka tana nan a takarda. Ranar da na je haihuwar farko ba wanda ya iya maganar hannu a wurin, ungozoma tana ta magana bakinta a rufe da ƙyalle, sai ƙanwata aka shigo da ita tana fassara mini. Ka gama karatun ka zo ka tsaya mana.

Abu Sumayya: Mai saƙo, a kan maganar sallah da ta dame ka. Bin liman ta hanyar ganin sahu ya wadatar, sallarka ta yi. Ka riƙa sammako ranar Juma'a ka samu sahun gaba inda za ka ga fuskar liman. Kuma ina janye kalmar da na fara da ita in ta ƙara maka nauyi, ban ce ba ka da tawakkali ba. Amma azkar ɗin dai ina nan a kan bakana.

Gwaggon Yara: Wannan kam mun yarda Malam.

Admin: 'Yan uwa, bayan kwana 24 mai saƙo ya sake rubutowa. Ga shi.

"Assalamu alaikum. Na ga ya kamata in dawo in faɗi inda aka kwana. Na je asibiti da ƙanena, shi ya riƙa ji mini yana rubuta mini a waya. An wanke kunnen, an sami datti kaɗan amma ba shi ne ba. An yi awon da Baba ya faɗa, na hagu ya fi lalacewa, wato ɓangaren da nake juya wa inji in ina zuba hatsi. Sun ce na'ura za ta taimaka, amma kuɗin da aka faɗa mini ya fi ƙarfina yanzu. Uwargida ta ce a sa mini kwasar adashinta ta watan gobe, na ce a'a, ta ce ba shawarata take nema ba.

Likitan kunnen ne da kansa ya tura ni wajen na ƙwaƙwalwa. Na daɗe a bakin ƙofar ina duba ko akwai wanda ya san ni. An ba ni magani, yau kwana 16. Ba zan ce na warke ba. Barci ya ɗan dawo, ina kaiwa asuba wani lokaci, bakina yana bushewa, sun ce hakan na faruwa. Tunanin nan yana zuwa amma ba kullum ba, kuma in ya zo ina faɗa mata.

Na je gidan aminin nan nawa. Na yi masa gaisuwar da ban yi ba, na ce masa wallahi ban ji abin da ka ce ba a daren nan, kunnena ne. Ya dube ni ya ce, wane, mun fi shekara biyu da sani. Ya ce duk majalisar sun sani, ganin ina ɓoyewa ne ya sa suka yi shiru don kar in ji kunya, da na daina zuwa kuma suka ɗauka fushi nake. Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Shekara biyu ina wahalar ɓoye abin da har mai shayi ya sani. Na koma dakalin sau biyu. Sun ba ni wurin da ke ƙarƙashin fitila, bayana ga bango. Ina kama kamar rabi. Na biyun ban daɗe ba na taso, kaina ya yi nauyi.

Ƙanwata ta Malumfashi, ban je wajen mutanenku ba tukuna, ban shirya ba. Amma ni da auta muna da alama shida, biyu ita ta ƙirƙiro, ɗaya ta kuɗin alewa ce.

Tambaya ta ƙarshe. Yarana biyu na inji, ɗaya shekararsa 17, jiya na tambaye shi da rubutu ya ce shi ma kunnensa na yin shuuu in ya tashi aiki. Ina ake samun abin toshe kunnen nan na masu aiki? Auduga muke cusawa."

Sista Daura: Auduga ba ta tare wani abin kirki. Ka tambayi masu sayar da kayan walda da hular kwano ta magina, akwai na soso da ake murzawa a cusa, akwai mai kama da abin sauraron waƙa da ke rufe kunnen gaba ɗaya. A ɗakin inji na biyun ya fi, don hannu da gari ba ya dacewa da cusa abu a kunne. Kai ma ka sa, sauran jin da ya rage maka abin tsarewa ne. Yaron kuma a kai shi awo tun yanzu. Maganin kar ka tsaya don ka ji sauƙi, ka koma ranar da suka ba ka.

Ɗan Jibiya: Ina shigowa Katsina ranar Laraba, akwai mai kayan walda da nake saye wurinsa. Admin ka karɓi guda uku a hannuna ka miƙa masa. Da rubutu na faɗa wannan karon.

Baba Ɗan Fansho: Ka sayo huɗu, akwai mai markaɗe a layinmu.